Rasuwar 'Yar Baƙa, Tayar Ɓangaren Inna

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, da duk direban da ya taɓa durƙusawa a gaban taya, rasuwar 'Yar Baƙa, tayar gaba ta ɓangaren fasinja a motata. Ta rasu ranar Larabar da ta wuce, rana ta ɗaga, a kan kwalta, tana bakin aikinta, ɗauke da mahaifiyarmu zuwa asibiti. Inna lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai dai ina roƙon masu bugo waya, idan sun gama tambayar Inna, su riƙa tambayar marigayiyar ma, ko da sau ɗaya ne.

Ni ne babban ɗa namiji a gidanmu, kuma ni aka yi wa wannan rashi. Tun da gwiwoyin Inna suka fara ba ta wahala, likita ya sa mata zuwa gashin ƙashi duk Laraba, ni nake ɗauko ta, ni nake zaman jira a benci, ni nake mayar da ita gida. Ba wanda ya ɗora mini, ba kuma wanda ya taɓa cewa in kawo ya karɓe ni. A duk waɗannan Larabobi 'Yar Baƙa ce a ƙarƙashin kujerar Inna. Ita ce ta san nauyinta, ita ce ta fara sanin lokacin da Inna ta rame da lokacin da ta murmure.

Marigayiya ba a tsince ta a hanya ba, zaɓo ta aka yi. Na yi tuƙin haya shekaru kafin in buɗe shagon kayan gini, don haka ranar da na je sayen ta ban je da ƙoƙon bara ba, amma duk da haka sai da direbobi suka yi mini caa. Wani ya ce in nemi mai zurfin zane, don ruwan damina ya samu hanyar fita, in ba haka ba mota sai ta riƙa iyo a kan kwalta. Wani ya ce zane banza ne, ƙarfin gefe shi ne taya, domin rami ba ya cizon ta a fuska, a haƙarƙari yake kama ta. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in bar wauta in sayi gwanjo. Na saurare su duka, na gode musu. Sannan na durƙusa na cusa yatsa a zanenta, na danna gefenta da gwiwa, na duba shekarar da aka yi ta, na shinshina robar. A cikin tayoyin da ke jere a shagon nan ita kaɗai ce ba ta yi mini ƙarya ba.

Inna ce ta raɗa mata suna. Ranar farko da ta hau, muka bi ta kan tsakuwa, ta ɗan saurara, ta ce, "Malam Direba," haka take kira na idan tana cikin nishaɗi, "wannan 'yar baƙar ta fi sauran kunya. Ba ta da surutu." Tun daga ranar sunan ya bi ta.

Halayenta na gari ba sa lissafuwa, amma wajibi ne a ambaci kaɗan don na baya su yi koyi. Da damina, lokacin da ruwa ke kwanciya a kan hanya motoci suna zamewa suna juya wa gabas baya, 'Yar Baƙa takan riƙe ƙasa gam, ba abin da za ka ji daga gare ta sai shiiii, shiiii, tana raba ruwan biyu. A cikin taɓo ba ta taɓa sa Inna ta sauko an tura ba. A kan tsakuwa muryarta ƙurr-ƙurr ce, a hankali, kamar mage ta samu cinya. Da bazara, lokacin da kwalta ke narkewa tayoyin manyan motoci suna barin fatunsu a gefen hanya, ita ko gumi. Ta taɓa ɗaukar ƙusa mai tsawon yatsa tun daga ƙofar asibiti har gida, ba ta ce uffan ba, sai da Inna ta sauka ta shiga ɗaki sannan ta kwanta a hankali. A ƙarshen rayuwarta ta ɗan fara sanƙo a gefe guda, ba na musu, amma sanƙon aiki ne.

Akwai wani abu tsakanina da ita da ya kamata masu ta'aziyya su sani, domin sai da shi za a fahimci ajalinta. Layin gidan Inna yashi ne zalla da rani, mai zurfi, irin wanda ƙaramar mota ke shiga ta binne kanta. Dabarar tsofaffin direbobi ita ce a rage wa tayoyin gaba iska, su baje, su taka yashin maimakon su haƙa shi. Duk Laraba, a bakin layin, sai in sauko in danna mata bawul da ɗan tsinke, ta ce fiiii, in shiga lafiya in ɗauko Inna. A hanyar fitowa, daidai inda yashi ya ƙare kwalta ta fara, akwai Mai Faci a ƙarƙashin bishiya da injin iskarsa. Sai in tsaya ya mayar mata da abin da na rage, Inna ta sauke gilashi ta tambaye shi iyali, shi kuma ya tambaye ta ƙafa. Ba a tsallake wannan tsayuwa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ba ta hawa kwalta mai zafi da gudu, gefenta zai yi ta lanƙwashewa yana ɗaukar wuta har ya gaji. Wannan ko ɗan koyo ya sani, balle ni.

Haka muke zaune lafiya, sai Auta ya sayi mota.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa keke. Aikin ofis yake yi, kuma Allah ya buɗa masa, ina taya shi murna, a rubuta wannan. Motar doguwa ce, sai an ɗaga ƙafa sosai ake shiga. Amma ba motar ce ta tsaya mini a rai ba. Tayoyin ne. Huɗu, sababbi dal, baƙaƙe wuluk, zanensu sai yatsa ya nutse har gaɓa ta biyu, ga 'yan gashin nan na roba da ke jikin sabuwar taya ko ɗaya bai karye ba. Na zagaya su kamar mai neman abin da ya faɗi. Na nemi aibi ɗaya tak da zan tafi da shi gida in samu barci, ban samu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai su bai san darajarsu ba. Na tambaye shi iska nawa yake sa musu, ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, motar ce ke faɗa mini idan ta ragu." Na tambaye shi yadda ya zaɓe su, ya ce a waya ya gani, mutane sun yaba. Bai durƙusa ba, bai shinshina ba. Ya daddaki ɗaya da takalmi ya ce, "Ai waɗannan ba ruwansu da yashi, ba ruwansu da taɓo, ba ruwansu da zafi. Haka aka rubuta." Inna ta fito da sandarta ta ƙwanƙwasa ta gaba, ta ce, "Kai Auta, waɗannan ai na tarakta ne!" Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Shekarun da 'Yar Baƙa ta yi tana ɗaukar ta, ban taɓa ganin ta ƙwanƙwasa ta da sanda ba.

Yanzu ga bayanin jinya, wadda ba ta yi tsawo ba. Ranar Larabar, na rage iska kamar kullum, na shiga layi, sai na tarar da motar Auta a ƙofar gida. Sawun tayoyinsa kwance a kan yashin, tsaf, ko tangarɗa babu. Wai ya ɗauki hutu ne ya zo ya raka mu. Dole na ajiye tawa kusa da tasa, 'Yar Baƙa a baje, rabin iska, tana kallon wata ƙatuwa da ta ninka ta. Ya ce, "Inna, yau ki zo ki ɗana tawa mana, akwai sanyi a ciki." Na yi kamar ina goge gilashi, amma kunnena na can. Inna ta ce, "Bar ni da wadda na saba, ɗan nan. Kai dai biyo mu a baya." Ban san lokacin da na buɗe mata ƙofa har da sunkuyawa ba.

Muka fito, yana bin mu. Da muka kusa bakin kwalta Mai Faci ya hango mu, ya miƙe, ya jawo tiyon iska yana jira. Na dubi madubi, ga hancin motar Auta ya cika shi. Nan take na ga abin da zai faru. Zan tsaya, in sauko, in tsuguna a gefen hanya ni da Mai Faci, Auta ya tsaya a bayanmu cikin sanyinsa, ya sauke gilashi ya ce, "Yaya, lafiya? Wani abu ya samu motar ne?" A gaban Inna. Masu cewa mantawa na yi su daina, ban manta ba. Na ga Mai Faci, na ga hannunsa a sama, na hau kwalta na wuce.

Inna ta waiwaya ta ce, "Yau ba za a ba 'Yar Baƙa iskarta ba?"

Na ce, "Mun makara, Inna."

Ta ce, "Makara kuma? Likitan da sai ya gama shan shayinsa?"

A daidai lokacin Auta ya kunna sigina yana neman ya wuce ni. Shi dai ya ce daga baya so yake ya riga mu isa ya karɓa wa Inna lamba a layi. Ni abin da na gani shi ne tayoyi huɗu suna neman su wuce ta gefen tagar mahaifiyata. Na taka mai. Ya ƙara matsowa, na ƙara takawa. Rana ta buɗe, kwalta tana tururi. Marigayiya ta yi haƙuri iya haƙuri. Can na fara jin ta, laf-laf, laf-laf, murya ce da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ce a raina ki daure, saura kaɗan. Maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce ɗum!

Ina so a shaida cewa ban taka birki da ƙarfi ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, motar tana fizga ta ɓangaren Inna, Inna tana salati, na lallaɓa ta har gefen hanya ta tsaya cak. Ba kowane direba ne zai fitar da mota daga fashewar tayar gaba ba tare da ta kifa ba. Har yau ba wanda ya ce mini sannu da wannan. Abin da kowa ke ba da labari shi ne yadda Auta ya fito da gudu, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki Inna cak ya kai ta motarsa. Na buɗe but in fito da safaya, na tarar ita ma ba numfashi. Kafin su tashi Inna ta sauke gilashi ta ce, "Ka shiga inuwa, ka nemi ruwa ka sha." Gilashin ya hau da kansa, ba tare da ta murɗa komai ba, suka tafi suka bar ni da gawa.

Mai Faci, wanda shi ne likitanta tun tana sabuwa, ya iso a kan babur. Ya kwance ta, ya zura hannu cikinta, ya ɗebo wani baƙin gari ya nuna mini a tafinsa. Ya ce, "Maigida, zafi ne ya cinye ta daga ciki." Ya kakkaɓe hannu ya ƙara da cewa, "Na fa ɗaga maka hannu." Ina girmama iliminsa, kuma na karɓi rahotonsa a matsayin ra'ayi. Amma ni na ga irin kallon da ƙatuwar tayar nan ta yi wa 'Yar Baƙa da safe a ƙofar gida, kuma ba yau aka fara jin ido ya kwantar da mai lafiya ba.

Ba a kai ga wanke gawa ba sai ga wayar yayarmu, wadda ke aure a nesa amma take mulkin gidanmu ta waya. Ta ce, "Daga yau Auta ne zai riƙa kai Inna. Kai ka huta haka, ka yi ƙoƙari." Na ce zan sayi sababbi huɗu, masu zurfin zane, masu ƙarfin gefe, har da safaya. Ta ce, "Ba taya ba ce matsalar, kai ma ka sani." Sannan ta ƙara da abin da ban tambaye ta ba, wai Inna ta ce motar Auta ba ta girgiza, har barci ya ɗauke ta a hanyar dawowa.

Barci. A motata Inna ba ta taɓa runtsawa ba. Daga ƙofar gida har ƙofar asibiti magana take yi. A kujerar nan na ji yadda suka haɗu da mahaifinmu, na ji wace ce a dangi ta taɓa ɓata mata rai ta yafe, da wadda har yanzu ba ta yafe wa ba. A nan take yi mini faɗa a kan tumbina, a nan take gaya mini abin da likita ya ce wanda ba ta so sauran su ji. A gida kullum akwai mutane, a waya kuma ba ta wuce gaisuwa. Wannan hanya ita ce kaɗai wurin da nake samun uwata ni kaɗai, ga shi furfura ta fara yi mini sallama. To bari in faɗa da bakina tun da sanarwar tawa ce: kishi nake yi. Ina kishin robar, ina kishin sanyin motar, ina kishin gilashin da ke hawa da kansa, ina kishin yaron da na goya a wuyana. Ya zo da tayoyin da bai san iskarsu ba ya ɗauke mini Laraba, kuma abin haushin, ko sanin ya ɗauki wani abu bai yi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar abokiyar aikinta ta ɓangaren direba, wadda ta sha irin wahalar da ta sha a ranar amma ta tsira, wataƙila don ni kaɗai take ɗauka. Ta bar tayoyin baya guda biyu, ɗaya daga cikinsu 'yar gwanjo ce da aka yi don ƙasashen ƙanƙara, har da hoton ƙanƙarar a jikinta, da rana ta yi zafi sai ta yi laushi kamar ƙullun burodi, amma ga ta nan da ranta, ta gari ce ta tafi. Ta bar safaya a but, wadda ba ta taɓa aikin yini ɗaya ba, ranar da aka neme ta kuma aka tarar da ita a kwance. Ta bar jak mai ciwon baya. Ta bar ni.

Auta ya zo gaisuwa har shago, ya zauna a kan buhun siminti da fararen kayansa. Ya ce, "Yaya, don Allah ka bari in saya maka irin nawa." Na gode masa. Ya ce to ko gawar ce ya ɗauka a motarsa ya kai inda za a kai ta. Na sake gode masa. Iyalan mamaciya suna sanar da jama'a cewa ba a karɓar gudummawar roba, kuma 'Yar Baƙa ba za ta yi tafiyarta ta ƙarshe a kan waɗanda suka gaje ta ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a ƙone ta ba, ba kuma za a ba masu takalma su yayyanka ta ba. Za a gangara da ita da hannu daga gindin bishiyar Mai Faci zuwa bakin layin Inna, a binne rabinta a yashi, a shafa wa rabin da ke sama farin fenti. An zaɓi gefen da fasinja ke kallo idan mota za ta fita, kuma an roƙi masu haƙa kada su zurfafa, domin tagar wasu motocin tana da tsayi, sai abu ya ɗago sosai ake ganin sa daga ciki. Da farko an sa ranar Laraba da hantsi, tun da mai makokin ba shi da abin yi a lokacin.

Sai dai an samu canji. Jiya Inna ta bugo mini da kanta. Akwai wani ɗan matashi da take tokare bayanta da shi, yana kujerar gaba a motata, ban taɓa shi ba tun ranar. Ta ce, "Ina matashina?"

Na ce, "Yana nan, Inna."

Ta ce, "Kujerar yaron nan laushi gare ta, bayana ba ya so. Kuma shi in ya hau hanya ba ya magana, sai rediyo. Ka zo mini da shi ran Laraba."

Na ce zan aiko a kawo mata.

Ta ce, "Ban ce ka aiko ba. Akwai wuri a baya."

Na buɗe baki in gaya mata cewa tun da na karɓi lasisi ban taɓa zama a bayan wani direba ba, balle wanda bai san iskar tayarsa ba. Kafin in haɗa maganar ta kashe wayarta.

Saboda haka an dawo da jana'izar zuwa sassafe, kuma za a taƙaita jawabai, domin mai makokin zai bar wurin da wuri. Ana zaman karɓar gaisuwa a shago a sauran ranakun mako. Wanda kuma ya hango ni ranar Laraba a kujerar bayan motar Auta, na miƙo wuya tsakanin kujerun gaba ina sauraron Inna, don girman Allah ya yi kamar bai gan ni ba.